Jan Biro da Allura

Shekara talatin da biyar ina koyar da lissafi a Gangare,
jan biro a jaka, rula a hannu.
Yaron da layinsa ya kauce ko da ƙwayar gero
sai ya sake zanawa.
Ranar da na yi ritaya aka ba ni agogon bango
da lokacin da ban san inda zan kai shi ba.

Ngo Kachollom ce ta leƙo ta katanga
a watan Agusta, kwana uku ana yayyafi,
sanyin Jos ya shiga ƙashi ya yi zamansa.
Ta ce, "Malama, zaman me kike yi haka?
Zo ki taya ni haɗa tsummoki."

Muka je bayan Taminus wurin teloli,
muka sayo ragowar yadi cike da buhu:
guntun atamfa, bakin shadda,
leshin bikin wata da ban sani ba,
da hannun rigar da aka fasa ɗinkawa.
Na zube su a tabarma, na zaro rula.
Ta dube ni, ta dubi rular,
ta yi dariya har da tari.

Zaren farko ya ƙi kafar allura
sai da na lashe shi sau bakwai.
Na soke yatsa. Ɗigon jini
ya zauna kan farin ƙyalle, ja wur,
yau ni aka yi wa maki.

Kusurwa huɗu ya kamata su haɗu a tsakiya.
Na san wannan, ni na koyar da shi.
Nawa suka ƙi gaisawa:
ɗaya ta wuce gaba kamar mai fushi,
ɗaya ta tsaya baya tana jan ƙafa.
Na farke. Na ɗinka. Na farke.
Daren Laraba aka ɗauke wuta ina farkewa
da fitilar waya a haƙora,
har bakin ƙyallen ya zaizaye.

Da safe ta ɗaga shi a hasken taga.
"Kin kashe shi da gyara," in ji ta.
"Dubi duwatsun Shere can,
wa ya sa musu rula? Ga su kan juna
tun kafin kakanninmu, ba su faɗo ba.
Sanyi bai yi makaranta ba, Malama,
ba ya duba kusurwa. Kafa yake nema."

Ban yarda ba a ranar.
Ban yarda ba har mako biyu.

Amma hannu bai jira ni ba.
Na shimfiɗa auduga a tsaka, na bi ta da ɗinki,
wani taku dogo, wani gajere,
sawun akuya a kan laka.
Inda ɗana ya kira daga Kaduna, zaren ya yi tsalle.
Inda na tuna marigayi, ya matse.
Wata uku na rayuwata suna rubuce a jikinsa,
layi bayan layi, ba wanda ya miƙe.

Bargon ya fito da kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo.
Jinin nan bai fita ba duk da wanki.
Jiya jikata Hanne ta kwana wurina,
ta ja shi har wuya, ƙafa ɗaya a waje.
Na tsaya a kanta ina neman kuskuren,
na kuwa gan shi, daidai kafaɗarta,
yana hawa yana sauka da numfashinta.

Sai na tuna Ɗanladi, ɗan aji biyu,
mai rawar hannu, wanda na sa ya sake da'ira sau tara
yana goge hawaye da bayan littafi.
Ban san inda yake ba yanzu.
Da zan gan shi, da na ce masa:
ta rufe, Ɗanladi, tun ta farko ta rufe.

Jan biron ya bushe cikin gwangwanin maɓallai.
Gobe Asabar, za mu koma Taminus.
Rular kam ban yar ba, hali zanen dutse,
da ita nake tura auduga
cikin kusurwar da ta ƙi daidaituwa.